Hikir: Mu Sabunta Takardun Gidajenmu Na Hartum Da Umdurman Kafin Mu Zuba Bulo

Tun daga watan Maris na shekarar 2025, lokacin da sojojin gwamnati suka karɓe fadar shugaban ƙasa da filin jirgin saman Hartum daga hannun dakarun RSF, waɗanda jama'a ke kira Da'ama, hirar da ta mamaye rumfunanmu a kasuwannin Galabat da Laffa da Joda ita ce ta komawa gida. Duk wanda ka taɓa lissafi yake yi: nawa buhun siminti, nawa kwanon rufi, nawa za a kashe wajen mayar da ƙofofi da tagogi da wayoyin lantarki da aka tumɓuke aka yi gaba da su. Hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a watan Oktoban 2025 cewa fiye da mutum miliyan ɗaya sun riga sun koma Hartum. Babu shakka wannan abin godiya ne ga Allah. To amma akwai tambaya guda wadda ba mu cika jin ana yin ta a rumfunan ba, alhali ita ya kamata ta riga kuɗin siminti zuwa, wato shin takardar gidan nan da za a gyara tana da sauran rai kuwa, ko wa'adinta ya cika tuni?

Abin da muke son jawo hankalin 'yan'uwa 'yan kasuwa a kai shi ne, mafi yawan gidajen da muke bugun ƙirji muna cewa namu ne a Hartum da Umdurman da Bahri, ginin ne namu, ita kuwa ƙasar da ginin yake kai ta gwamnati ce, aronta aka ba mu na wasu shekaru ƙididdigaggu. Wannan shi ne ake kira hikir a Larabcin Sudan, kuma ya sha bamban da milik hur, wanda shi ne mallaka ta har abada. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Duk abin da aka yanka wa wa'adi, wata rana wa'adin zai cika, kuma idan ya cika, wajibi ne mai gida ya koma wurin hukuma ya nemi a sabunta masa.

Yana da kyau mu ɗan koma baya domin mu ga inda wannan tsari ya samo asali. A shekarar 1925 Turawan Ingila suka kafa dokar yi wa filaye rajista a Sudan, sannan a 1947 suka fito da tsarin filayen birane wanda ya kasa unguwanni zuwa daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Darajar unguwa ita ke yanke girman fili da irin kayan ginin da aka yarda a yi amfani da su, ita ce kuma ke yanke tsawon wa'adi. Wa'adin farko na daraja ta ɗaya shekara 50 ne, na ta biyu shekara 30, na ta uku kuma shekara 20, tare da damar sabuntawa. Da Ja'afar Numairi ya zo, sai ya yi doka a 1970 wadda ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta zama ta gwamnati. Dokar mu'amalolin jama'a ta 1984 kuma ta ce ƙasa ta Allah ce, hukuma ke riƙon amanarta, ta bar mallakar har abada ga filayen da aka yi wa rajista da sunan masu su kafin ranar 6 ga Afrilun 1970. Ma'ana dai, in ba a tsohon gidan gado kake ba wanda kakanni suka yi wa rajista tun kafin wannan rana, to kusan tabbas hikir ke hannunka, ko da kuwa jakar kuɗi ka juye ka saya.

Yanzu sai mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi irin wanda muka saba yi a bakin sikeli. Jama'armu da yawa a unguwannin talakawa suke, irin su Ingaz da Kalakla da Umbadda da Haj Yusuf, inda daraja ta uku ta fi yawa. Kowa ya san cewa a farkon shekarun 1990 aka tashi mutanen Ishash Fallata daga tsohon mazauninsu na Hartum aka ba su filaye a Ingaz. To a ce takardar mutum ta nuna shekara 20 daga 1992, wa'adinsa ya cika tun 2012. In ma ya je an ƙara masa shekara goma a lokacin, to ta sake cika a 2022, shekara guda kafin yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Daga wannan rana kuwa, wa ke ta takarda? Kowa ta ransa da ta iyalinsa yake. Adadin shekarun da ke aiki a kan kowane mutum shi ne wanda ke rubuce a takardarsa, shi ya sa muke cewa kowa ya ɗauko tasa ya duba da idonsa, ko ya ba wanda ya iya karatun Larabci ya duba masa, ya daina dogaro da abin da maƙwabci ya ce.

Waɗanda Allah Ya buɗa wa kasuwa suka sayi shagga, wato ɓangaren gidan bene, a wurare irin su Amarat da Riyad da Arkawit da Kafuri, kada su ɗauka maganar ba ta shafe su ba. A haƙiƙa tasu ta fi sarƙaƙiya. Agogon hikir yana soma bugawa ne daga ranar da gwamnati ta ba da filin ga mutumin farko, babu ruwansa da ranar da kai ka sayi shaggarka. Filin da aka bayar a 1960 kan wa'adin shekara 50, wa'adinsa na farko ya cika tun 2010, ko da kuwa benen da ke kansa sabo ne fil, an gama shi shekara biyu kafin yaƙi. Bugu da ƙari, ƙasar da benen ke kai ɗaya ce, masu shagga kuwa suna iya kai goma ko ashirin, wani yana Alƙahira, wani yana Jidda, wani yana Bur Sudan, wani kuma ya riga mu gidan gaskiya. Sau da yawa ma filin yana nan da sunan wanda ya gina benen, abin da ke hannun mai shagga takardar ciniki ce kawai wadda lauya ya buga wa hatimi. Ya kamata mai shagga ya bincika ya san sunan wa ke kan filin, yaushe wa'adinsa zai cika, kuma shin an shigar da kasonsa a littafin rajista ko ba a shigar ba. Sannan ya nemi sauran abokan zamansa tun yanzu, domin maganar ƙasa ta haɗa su gaba ɗaya.

Akwai kuma wata al'ada da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, wato sayen gida da taukil. Mutum ya biya kuɗi, mai gida ya rubuta masa takardar wakilci a gaban lauya, a sha shayi a yi addu'a a watse, da niyyar wata rana za a je a sauya suna a rajista. Shekaru su yi ta tafiya ba a je ba, saboda gudun kuɗin rajista ko saboda kasuwa ba ta ba da sarari ba. To malamanmu na fiƙihu sun daɗe suna karantar da mu cewa wakilci yana faɗuwa idan wanda ya wakilta ya mutu. Wannan yaƙi ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, wasu harsashi ya kashe, wasu yunwa da cuta. Wanda ya sayar maka da gida shekara goma sha biyar da suka wuce, ka tabbata yana raye? In ya rasu, da magadansa za ka yi magana, kuma ba kowane magaji ne ya san da cinikin ba, ba kuma kowane ne zai so ya sani ba. Ga hikir ya ƙare, ga sunan da ke rajista na mamaci ne, ga shaidun ciniki sun watse. Irin wannan ƙulli, gwargwadon jinkirin da aka yi, gwargwadon yadda yake ƙara tamkewa.

Mun san abin da wasu za su ce, domin mukan ji shi a bakin masu kiran waya a shirye-shiryenmu na rediyo. Za su ce shekara nawa muna zaune da takardar da ta ƙare, ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa, kuma duk ranar da muka tashi sabuntawa kuɗi ne kawai za mu biya. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana. A zamanin zaman lafiya sabunta hikir galibi batun biyan kuɗi ne da bin layi, ba a saba ganin an fitar da mutum daga gidan da ya gina saboda wa'adi ya cika ba. To amma abin da ya rufa mana asiri a wancan lokaci shi ne muna cikin gidajenmu, maƙwabta sun san mu, kwamitin unguwa ya san mu, limamin masallaci ya ɗaura auren 'ya'yanmu. Yau fiye da mutum miliyan uku ne suka bar jihar Hartum a dalilin yaƙi, gidaje sun yi kusan shekara biyu a hannun waɗanda ba masu su ba, takardun mutane da yawa sun ƙone ko an watsar da su a tsakar gida, hatta ginin ma'aikatar shari'a ya kama da wuta a watan Satumban 2023. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A irin wannan yanayi ne masu takardun jabu da miyagun dillalai ke cin kasuwarsu, kuma gidan da suka fi so shi ne wanda mai shi yake nesa, takardarsa kuma ta mutu.

Sannan ita kanta gwamnati ta fito daga wannan ɓarna da aljihu a bushe, kuma kowa ya san inda hukumomin da ke neman kuɗi suka fi kai ido. A cikin 2025 hukumomin jihar Hartum suka shiga rushe gine-ginen da suka ce an yi su ba bisa tsari ba a gefunan birni. Wanda ke da hikir mai rai yana da abin da zai ɗaga ya nuna ranar da motar rusau ta shigo unguwa. 'Yan'uwanmu da ke bin hanyar Kano da Maraɗi kuma za su ba mu labarin Nijeriya, inda dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnoni, takardar mallaka kuma galibi ta shekara 99 ce. Shekara da shekaru mutane suna sakaci da kuɗin ƙasa ba abin da ya faru, sai ga shi a watan Maris na 2025 hukumar babban birnin tarayya Abuja ta soke takardun filaye 4,794 saboda bashin kuɗin ƙasa da ya taru. Waɗanda abin ya shafa manyan mutane ne da manyan ma'aikatu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Wasu kuma za su ce jari ya karye, ɗan abin da ya rage gara a juya shi a kasuwa, takarda ta jira. Mu ma 'ya'yan kasuwa ne, mun san zafin cire kuɗi daga jari. Amma mu tuna cewa a watan Fabrairun 2021 aka karya darajar jine daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, kuma a cikin 2024 dala ta haura jine 2,000 a kasuwar bayan fage. Kuɗaɗen da hukuma ke karɓa sukan biyo sawun faɗuwar jine ne daga baya, saboda haka wanda ya biya kafin a sake lissafi shi ya ci riba. Har ila yau, gida mai matacciyar takarda jari ne da aka ɗaure. Ranar da ka so sayarwa domin ka tayar da kasuwarka, mai saye zai nemi shahadar bahas, in ya ga wa'adi ya cika sai ya karya maka farashi ko ya juya baya. Banki ma haka, ba zai karɓi jinginar abin da ke da tangarɗa ba. Ranar rabon gado kuwa, marayu da gwauraye ne za su gaji wahalar da mai gida ya ƙi ɗauka yana raye.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta fi shafarmu mu Hausawa fiye da sauran maƙwabtanmu, kuma babu amfanin ɓoye shi. Kakanninmu sun daɗe a wannan ƙasa, wasu a hanyar aikin Hajji suka yada zango, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Gumin iyayenmu yana cikin audugar Jazira da dawa da riɗin Gadarif. Duk da haka dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta nemi mutum ya nuna cewa zuriyarsa na zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, abin da ya bar da yawa daga cikin iyayenmu a bakin ƙofa shekara da shekaru. Kuma ba mu manta da abin da ya faru a jihar Nilu Shuɗi a watan Yuli da na Oktoban 2022 ba, inda rikicin da tushensa ƙasa ce da sarauta ya ci ɗaruruwan rayuka. Duk ranar da gardamar fili ta taso, tambayar farko da ake jefa wa Bahaushe ita ce daga ina ka zo. Wani zai iya kare gidansa da sunan kabilarsa ko da ɗan'uwansa da ke ofis. Mu abin da muke da shi bayan Allah shi ne lambar ɗan ƙasa da takarda mai rai, don haka sakacin da wani zai yi ya kwana lafiya, mu bai kamace mu ba.

To mene ne abin yi? Da farko kowa ya tattara abin da ya tsira na takardu, kwantiragin hikir da takardar ciniki da taukil da rasitan awayid, wato kuɗin gida da ƙaramar hukuma ke karɓa, har da rasitan wuta da ruwa, ya ɗauki hotonsu da waya ya aika wa amintattu biyu a garuruwa daban-daban. Daga nan sai a nufi ofishin rajistar filaye, wanda ke ƙarƙashin hukumar shari'a, a ciro shahadar bahas. Ita ce za ta nuna sunan da ke kan filin, da lambarsa da lambar murabba'insa, da ko milik hur ne ko hikir, da kuma ko akwai jingina ko wani takunkumi a kansa. Wanda takardunsa suka ƙone kada ya yanke ƙauna, matuƙar ya riƙe lambar fili da ta murabba'i yana da bakin zaren. Idan sunan na mamaci ne, sai magada su fara zuwa kotu su ciro i'ilam shar'i wanda ke tabbatar da su. Bayan wannan ne za a je ofishin filaye a nemi sabuntawa, a biya abin da ya taru. Kada kowa ya ba da ko jine ɗaya ba tare da rasit ɗin hukuma ba, irin wanda muka saba kira Urnik 15. Tura kuɗi ta Bankak zuwa asusun wani mutum da ya ce ya san hanya, wannan sadaka ce ka yi wa wanda bai cancanta ba.

Wanda kasuwa ko nisa suka hana shi zuwa da kansa, ko yana Habasha ko Chadi ko Nijar ko Nijeriya, yana iya wakilta wani ta hannun lauya ko ta ofishin jakadancin Sudan da ke ƙasar da yake. Amma a kula, a rubuta a cikin taukil ɗin cewa na ciro shahada ne da sabunta hikir kaɗai, kada a saka sayarwa ko jingina ko kyauta, ko da wakilin ɗan'uwa ne ciki ɗaya. Yin haka ba zargi ba ne, kare zumunci ne. Muna kuma kira ga magidanta da su zaunar da matansu da manyan 'ya'yansu su gaya masu inda takardu suke da halin da suke ciki, domin wannan yaƙi ya nuna mana cewa mutum kan fita da safe bai dawo ba.

Ga hukumomin jihar Hartum da ma'aikatar da ke kula da filaye kuma, muna da roƙo wanda muke ganin adalci ne. Kada a lissafa wa talaka tarar jinkiri a kan shekarun yaƙi, domin ofisoshin da zai je ya biya su kansu a rufe suke, ma'aikatansu suna gudun hijira kamar kowa. A ba da wa'adin rangwame mai tsawo, a yarda a riƙa biya kashi-kashi. A buɗe tebura a Gadarif da Kasala da Kosti domin waɗanda ba su samu komawa ba. Duk wata sanarwa da ta shafi filaye a yi ta a rediyo da harsunan da jama'a ke ji, har da Hausa, kuma kada a taɓa filin kowa sai an tabbatar sanarwa ta kai gare shi. Sannan lokaci ya yi da za a sake duba wannan rabo da aka gada daga Turawa, wanda ya ba mai kuɗi shekara 50 ya ba talaka shekara 20, ya zamana wanda ya fi kowa rauni shi ya fi kowa zarya a ofis. Su kansu mutanen Ingila da suka kawo mana tsarin, majalisarsu ta zartar da doka a 2024 wadda ta tanadi tsawaita wa'adin masu irin waɗannan gidaje zuwa shekara 990. Ba mu ce a ba mu haka ba, amma a daidaita wa'adin darajojin uku, ya zamana uba ya sabunta sau ɗaya, jikansa ya ci moriya.

Daga ƙarshe muna kira ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwanni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yadda muke zuba adashi domin aure da suna, haka za mu iya haɗa asusu a kowace kasuwa mu ɗauki lauya guda amintacce ya bi takardun mutum talatin ko arba'in a lokaci ɗaya, kuɗin ya yi sauƙi, dillalan ƙarya kuma su rasa ƙofar shiga. A fara da takardun marayu da matan da mazajensu suka rasu ko suka ɓace. A kuma yi rajistar masu gidaje unguwa-unguwa, domin in an taɓa gidan wani a samu waɗanda za su tsaya masa shaida. Siminti zai jira mako biyu ko wata guda ba abin da zai same shi a shagon mai shi. Mu fara da shahadar bahas, mu san matsayinmu, sannan mu kira magina.

Allah Ya kawo ƙarshen wannan fitina a duk faɗin Sudan, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya kuma sa wa kasuwanninmu albarka, amin.